Bencin Ɗakin Inji

Har yanzu in aka miƙo min ruwan sanyi sai na tuna ƙafar Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Tun ina firamare yake aiki a kamfanin ƙanƙara, inda ake daskarar da ruwa manyan bulo don masu kifi da masu sayar da lemo. Aikinsa jan bulon da ƙugiya daga ɗakin sanyi zuwa bayan mota. Hannunsa kullum a sanyaye yake. In zazzaɓi ya kama ni sai ya ɗora min tafinsa a goshi ya ce, "Ga asibiti kyauta." Da ƙugiyar nan ya ɗauki nauyin karatuna har na gama jami'a.

Ma'aikatan wurin suna da wani tsari da suke kira rufin asiri. Wanda duk ya ji ciwo, ba a kai maganar ofis. Da safe zai gaida mutanen ofis kamar kowa, ya shige ɗakin inji inda akwai ɗumi, ya zauna kan wani tsohon benci bayan tanki, sauran su raba aikinsa har ya warke. Wai da can wani ya taɓa kai maganar ciwonsa ofis, aka ba shi hutun da bai ƙare ba. Babu wanda ya san mutumin, amma kowa ya san labarin. Kawu kansa ya sha ɗaukar aikin masu zaman bencin.

Sai ga shi ta zo kansa. Bulo ya kuɓuce daga bayan mota ya sauka a ƙafarsa ta hagu. Suka ɗaure masa ita da tsumma, suka kai shi benci.

A gida ya ce mana sanyi ne ya shiga ƙashinsa. Da safa yake kwana. Wata ranar hutu na ɗaga takalmin robarsa zan yi shara, warin da ya bugi hancina ya sa na sake shi. Na kira matarsa, muka tsare shi sai da ya cire safar. Yatsun sun yi baƙi.

A asibiti likita ya tambaye shi, "Baba, a wurin aiki ne? An sanar da kamfani?"

Kawu ya ce a wurin aiki ne, amma ba a sanar ba. Likita ya ce tiyata ce, kuma in aka ja lokaci daga gwiwa za a yanke. Ya ce inshorar kamfani ce ya kamata ta biya, har da diyya. Mu dai ba mu da ƙarfin tiyatar.

Na tafi ofishin kamfanin. Akawun mace ce mai kirki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ƙanena, ina ma ranar aka zo. Lokacin sanarwa ya wuce. Kuma kullum yana zuwa aiki, ni nake amsa gaisuwarsa. Masu inshora cewa za su yi a gida ya ji ciwon. Sai dai in akwai shaida."

Na fita wurin lodi. Kowa ya kau da kai, sai Dogo, aminin Kawu, ya tare ni.

"Ɗan boko, so kake a kore mu gaba ɗaya? Mu fa taimakonsa muka yi."

 Na ce, "Baba Dogo, ku je ku gan shi kawai."

Washegari Dogo ya zo asibiti. Kawu na ganinsa ya yi dariya. "Kai dogon banza, hannu biyu ka zo? Ina bencina?"

"Rufe mana baki, rago," in ji Dogo. Ana haka nas ta zo ta kwance bandejin. Dogo ya leƙa, ya dafa bango, ya fita ko sallama babu.

Akawun ce ta ba ni sauran labarin. Ta ce sai ganin Dogo ta yi da benci a ka, sauran ma'aikata na biye da shi. Ya dire shi a ƙofar ofis ya ce, "Madam, a kan wannan muka ɓoye shi. A gabanmu bulo ya danne shi. Rubuta, kowa zai sa hannu. In kora ce, ku fara da ni."

Ba a kori kowa ba. Masu inshora sun ja mu da tambayoyi, na yi ta sintiri har takalmina ya cinye, daga baya suka yarda. Yatsun sun tafi, ƙafar ta tsira.

Yanzu Kawu a bakin get yake, yana buɗe wa motoci. Bencin yana nan a ƙofar ofis, ko yanka mutum ya samu a yatsa nan yake zama har akawu ta fito ta rubuta. Kawu bai yarda a ga laifin abokansa ba. "Ba cutata suka yi ba," in ji shi, "iyakar abin da muka sani ke nan."

Jiya ya gan ni zugum, ya ɗora min tafinsa a goshi kamar da. Na ji hannun da ɗumi.