Wasiƙar da ta biyu a ajina ta kasa karantawa

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ba ta gama shiga ko'ina ba, ina koyarwa a wata firamare da ke bayan garin Zuru. Sabon malami ne ni, kullum riga a goge, jan biro a aljihu, ina jin babu wanda ya kai ni iya aiki. Aji biyar aka ba ni.

Yadda muke auna yara ba wuya. In rubuta darasi a allo, su kwafa, mu maimaita da ƙarfi har aji ya ɗauka. Ranar jarrabawa in kawo musu tambayoyin da muka riga muka yi. Gurbin gwajin wata-wata kuwa, idan lokaci ya ƙure, sai in dubi littafin yaro in ga tsabtarsa, in sa maki. Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba.

Akwai wata yarinya mai shiru-shiru da take zuwa ta biyu kowane zango. Rubutunta kamar na inji. Mahaifinta soja ne, an tura shi aiki nesa, mahaifiyar kuma tana noma.

Wata Litinin ina cikin darasi sai ga mahaifiyar a bakin ƙofa, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta miƙo mini takardu biyu: katin sakamakon yarinyar mai sa hannuna, da wata wasiƙa.

"Malam, babanta ne ya aiko," in ji ta. "Na gaya mai ɗiyarshi tana cin ta biyu, shi ya sa ya rubuto mata ita da kanta. Jiya bayan coci na tara 'yan uwa, na ce ta karanta mana. Ta riƙe takarda tana kallo har ta fashe da kuka. Sai maƙwabci muka kira."

Na ce, "Mama, ƙila kunya ce ta kama ta."

"To ga ta nan. Ba mutane yanzu. Ta karanta."

Muka koma ƙarƙashin mangwaro mu uku. Wasiƙar da Hausa ce, da manyan baƙaƙe, mai sauƙi ƙwarai. Yarinyar ta gane sunanta a sama. Daga nan ta tsaya. Na nuna kalmar "lafiya", ta ce "l", ta ce "a", ta kasa haɗawa. Na buɗe littafin ajinmu, nan take ta zubo shafi guda ba tuntuɓe, idonta ma ba ya kan layin. Na ce bakwai sau shida nawa ne? Sai da ta faro daga bakwai sau ɗaya, tana rerawa, kafin ta iso.

Mahaifiyar ta dube ni ta ce, "Ni ban yi boko ba, Malam. Abin da ka rubuta shi na yarda da shi."

Na mayar mata da takardunta, na koma aji.

A makon nan na riƙa kiran yaran ɗaya bayan ɗaya, ina ba su gajeren labarin da na rubuta da kaina, wanda ba su taɓa gani ba. Waɗanda suka karanta har suka gaya mini abin da ke ciki ba su cika yatsun hannuna biyu ba. Aji kuwa cike yake, wasu a ƙasa suke zama.

Na je wurin hedimasta na ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan ba su iya karatu ba. A bar su su maimaita."

Ya cire tabarau ya ce, "Su maimaita a ina? 'Yan aji huɗu na tafe, a kanka za su zauna? Cika takardarka, Malam. Ni ma na yi irin wannan zafin da ina sabo."

Na fara tsayar da yaran ajina bayan an tashi, muna komawa kan baƙi da wasali. Amma damina ta kankama, ana bukatarsu a gona. Mako uku, sai ni da benci. Yarinyar ce ta fi daɗewa tana zuwa, har ta fara haɗa kalmomi masu gaɓa biyu. Kafin zango ya ƙare mahaifiyar ta kai ta Dirin Daji wurin gwaggonta koyon ɗinki. Ranar da yarinyar ta zo kwasar littattafanta ta tambaye ni a hankali, "Malam, dama can ban da ƙoƙari ke nan?"

Na ce tana da shi. Ban ga alamar ta yarda ba. Ban sake ganinta ba.

Ƙarshen shekara na cika wa sauran maki, duk suka wuce aji shida.

Har yau ina koyarwa. Na daina yarda da amsar da aji ya bayar baki ɗaya. Sai na zaunar da yaro kusa da ni, na ji shi shi kaɗai, kafin in ce ya iya. Sai dai sanin bai canza komai da yawa ba. A da ina sa hannu ban sani ba. Yanzu na san wanda ya iya da wanda bai iya ba, kuma duk Yuli ina sa hannu su wuce.