Turawan da Suke Sallah a Lokacin Keffi

Kafin hannuna ya saba da haram, ni mai gyaran waya ne a Sabon Gari, nan Keffi. Ɗan shago gare ni, tebur ɗaya da benci, ina samun na abinci, kuma ba a taɓa kai ƙarata ko wajen mai unguwa ba. Yayata Asabe ce ta riƙe ni tun rasuwar iyayenmu. Malamar firamare ce, mace mai gudun abin kunya.

Wani abokina, Danladi, shi ya nuna mini hanya. Ya ce kamfanoni suna sa tallarsu a shafukan intanet, duk wanda ya danna tallar sai kamfanin ya biya, mai shafi ya sami rabonsa. "To kai ka buɗe shafi mana, ka riƙa danna abinka," in ji shi. "Aljihun wa ka taɓa?"

Na buɗe shafin labaran ƙwallo. Da aka nemi suna da asusun banki sai na sa na Yaya Asabe, don nata na albashi ne, ba ya ba da matsala. Na ce mata wani ɗan kasuwanci na fara. Ko tambaya ba ta yi ba, ta miƙo mini katinta ta ce, "Allah ya sa albarka, ƙanena."

Da waya ɗaya na fara, ina dannawa da yatsana ina dariya. Daga nan ido ya buɗe. Na tattara wayoyin da masu su suka bari ba su dawo karɓa ba, masu fasasshen gilashi, na jera su a kan katako bayan labule har sun kai talatin. Danladi ya sa musu wata manhaja da ke danna talla da kanta, kuma tana sa a ga kamar wayar a Turai take, don dannawar Bature ta fi tsada.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Da zarar ladan ya kira sallah, ba na iya tsayawa a sahu alhali wayoyin nan suna can suna yi mini sata. Sai in kashe musu intanet, in yi alwala, in tafi masallaci, in dawo in kunna. Wallahi a lokacin gani nake tsoron Allah ne. Ɓarawo mai alwala, ni ke nan.

Wata rana saƙo ya zo daga kamfanin tallar, wai sun ga abin da ba su gane ba a shafina. Na nuna wa Danladi, ya ce in share kawai. Sati bai zagayo ba ya sayar da nasa wayoyin, ya koma garin Panda, ya daina ɗaukar kirana. Ni kuwa na jira saƙo na biyu, bai zo ba. Wata ɗaya, wata uku, tsit. Na lura wayoyin suna ta danna wani wuri a shafin da idona ba ya ganin komai, amma na ce ƙila manhajar ce ta rikice. Ashe shirun nan kallona ake yi.

Ran wata Talata da hantsi, wani ɗan acaɓa maƙwabcinmu ya tsaya a ƙofar shago ko injin bai kashe ba. "Kai, 'yan sanda sun tafi da Malama! Daga cikin aji suka fito da ita, alli na hannunta, yara na kallo."

Ba zan ɓoye muku ba, gudu na fara tunani. Na rufe shago, har na tsayar da keke Napep zan nufi tasha in faɗa Agwada wajen wani abokina. Amma ban hau ba, na kusa awa guda a tsaye a bakin titi kafin na juya na kai kaina ofishin 'yan sanda.

Wata jami'a ce ta zaunar da ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shimfiɗa takardar da kamfanin ya aiko, wani layi ne a jiki mai nuna yawan dannawa, yana hawa yana sauka.

"Waɗannan su ne Turawanka masu danna talla," ta ce. "Ba sa karanta komai, ba sa sayen komai. Kamfanin ya ɓoye wata tallar da idon mutum ba ya gani, tarko ne, su kuwa suka yi ta danna ta. Amma dubi nan. Kullum in lokacin sallah ya yi sai su ɓace gaba ɗaya. Ran Juma'a su daɗe. Na magariba ma yana matsawa kaɗan-kaɗan, daidai da faɗuwar ranar wannan yankin. An daɗe da sanin mai sallah ne, kuma ba a Turai yake ba. Suna kawai aka duba, sai aka ga na yayarka."

Na amsa komai. Aka saki Yaya bayan kwana biyu, ni alƙali ya ba ni shekara biyu. A gidan yari na gane cewa kuɗin da na ce ba na kowa ba ne, na masu sana'a ne irina da suka biya don a ga hajarsu.

Da na fito, wajenta na fara zuwa. Na same ta tana ƙulla gyaɗa a leda a ƙofar gida. Ta ba ni abinci, ba ta yi faɗa ba, ta ce ta yafe. Na tambaye ta makaranta fa? Ta ce an wanke ta, an ce ta koma. "Na je har bakin ƙofa," in ji ta. "Da yaran suka ɗago suka kalle ni, ƙafata ta ƙi shiga."

Ku matasa masu waya a hannu, in an ce muku ga kuɗin da ba a cuci kowa ba, ku tashi daga wurin. Duk dannawar da kuka yi akwai mai lura da ita, kuma ba zai yi muku magana ba sai ya gama. In kuma kun ƙi ji, to kada ku sa sunan wanda ya yarda da ku. Ni na yi shekara biyu na fito, na tuba, na koma teburina. Ita kwana biyu ta yi, har yau ba ta sake riƙe alli ba.