Ƙanƙara a Jikin Tukunyar Gas

Jama'a, yau na ga mutuwa da idona!

Tsadar fetur ta sa Malam Sale, maƙwabcina a fadamar Dayi, ya mai da injin ban ruwansa mai aiki da gas. Da rana tsaka injin ya fara shaƙewa, ga ƙanƙara fara fat a jikin tukunyar gas ɗin. Kafin in ƙarasa wurinsa, ya tara karan masara a gindinta ya cinna wuta!

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Sanyi take ji, Alhaji. Kowa haka yake yi."

Sai tiyon gas ɗin ya fara huci, wari ya game wurin. Innalillahi! Na sheƙa bokitin ruwa, wutar ta mutu.

Tsaki kawai ya ja.

Na hau babur, na waiwaya. Wallahi wani karan yake tarawa.