Jan Layi a Littafin Hilary

A ƙarshen dandamali na biyu a tashar jirgin ƙasa ta Thornbeck, inda rufin ya ƙare iska ta samu wurin shiga, akwai wani benci da Alwyn Hepworth ya fi shekara arba'in yana zama a kai duk ranar Asabar. Yakan iso tara saura kwata da fulas ɗin shayi, burodi da cuku a naɗe cikin takarda, 'yar ƙaramar rula, fensir biyu, da littafin lambobi. Aikinsa na ofis zanen taswirar bututun ruwa ne, kuma har ya yi ritaya ba a taɓa maido masa da takarda a ce ya gyara ba.

Ƙa'idar masu kallon jirgi ba ta da tsawo. Kowane kan jirgi da lambarsa, lambobin kuma suna jere a littafi. Wanda ka gani da idonka, ka ɗora rula ka ja layi a ƙarƙashinsa. Hoto ba gani ba ne. "An ce ya wuce ɗazu" ba gani ba ne. Mutane da yawa sukan sassauta wa kansu, musamman idan jirgin ya gilma da gudu a cikin ruwan sama, amma ban da Alwyn. Idan lamba huɗu ya karanta, ta biyar ta ɓace masa a hazo, to bai ga komai ba. Shi ya sa ƙungiyarsu ta ba shi aikin tantance jerin lambobin da ake bugawa a mujallarta, shi ya sa kuma abokinsa Norris Pickersgill, tsohon direban bas mai yawo da kyamara, yake kiransa Alƙali. Shi kuma yana kiran Norris mai hayaƙi, saboda hayaƙin bas.

"Alƙali, ga shi can ya wuce, har direban ya ɗaga maka hannu."

"Hannu na gani. Ban ga lamba ba."

"To ni na ɗauka a hoto."

"Ka ja layi a ƙarƙashin hoton, mai hayaƙi."

'Yarsa Hilary ta fara biyo shi tana da shekara tara, saboda mahaifiyarta Glenys tana aiki a gidan burodi ranar Asabar. Ya zaci za ta gaji kafin wata ya fita. Ba ta gaji ba. Ba ta kuma damu da injinan tururi da kowa ke rububi a kansu ba. Wasu injinan dizal ta zaɓa, iri ɗaya, guda arba'in da takwas, masu faffaɗan goshi da ƙarar da ke girgiza kofin shayi a kan benci.

"Me kika gani a jikin waɗannan?" ya tambaye ta.

"Suna tari irin na Kaka."

Ya saya mata nata littafin. Ta ƙi fensir, ta ɗauko jan biro daga jakar makaranta.

"Fensir, Hilary. Mutum yakan yi kuskure."

"Kai ka ce sai an gani ake ja, Baba. In na gani, ina kuskuren?"

Ya bar ta.

Ta girma, ta yi jami'a, ta zama malamar lissafi a Leeds, littafin yana nan a aljihun rigar ruwanta. A shekarun nan aka daina aiki da injinan nata. Wasu aka yanka su aka sayar da ƙarfen, wasu ƙungiyoyin masu sha'awa suka saya suka ajiye a ƙananan layukan dogo da 'yan sa-kai ke gudanarwa. Yawancin waɗanda aka yanka ta riga ta gan su tun tana ƙarama. Sauran ta bi su ɗaya bayan ɗaya a lokacin hutu, wani lokaci da mahaifinta, wani lokaci ita kaɗai. Tana da shekara talatin da uku ta kai arba'in da bakwai. Saura mai lamba ashirin da bakwai, wanda babu wanda ya san takamaimai inda ya shiga.

A watan Afrilun wannan shekarar likitoci suka faɗi sunan mugun ciwon da ya kama Hilary. Zuwa Satumba sai a keken guragu take fita. A watan ne Norris ya zo gidan, bai ko cire hula ba, ya ce wani ƙaramin layi a gabas zai yi bikin injinan dizal, kuma ashirin da bakwai zai ja jirgi.

Suka tafi su huɗu a motar Norris. Injin ya shigo tasha da sabon fenti yana ƙyalli, lambar ɓaro-ɓaro a gefen ɗakin direba. Hilary ta ɗora littafin a gwiwarta, mahaifinta ya riƙe mata rula domin ba ta da ƙarfin riƙewa, ta ja layin. Ta rasu a watan Nuwamba.

Tun daga nan Alwyn ya samu magana guda da yake ba duk mai yi masa gaisuwa. "Ta dai kammala," yakan ce. "Arba'in da takwas cif." Ba ya ƙara komai a kai. Ya faɗa a coci, ya faɗa wa malaman makarantarta, yakan kuma faɗa wa kansa idan ya wuce ƙofar ɗakinta. Ya ci gaba da zuwa bencinsa ranar Asabar, littafinta a aljihun hagu, nasa a na dama.

Shekara biyu bayan haka, cikin takardun da ake aiko masa don mujalla, ya ci karo da wasiƙar wata mata daga Wales, Bronwen Prydderch. Ta rubuta cewa ita da wasu mutum shida sun sayi abin da ya rage na ashirin da bakwai daga wani fili da ya daɗe a yashe, suna neman masu taimako. Injin, in ji ta, shekara ashirin da biyu rabonsa da motsawa da ƙarfin kansa.

Alwyn ya karanta sau biyu. Ya ninke wasiƙar, ya jira Asabar.

Norris na cikin goge gilashin kyamara Alwyn ya miƙa masa takardar. Norris ya karanta.

"Wanne muka gani ranar bikin, Norris?"

"Mai lamba sha huɗu ne," in ji Norris a hankali. "Sun yi masa fenti da lambar ɗan'uwansa na kwana biyun bikin. Ka san suna yi. Yana rubuce a takardar shirin bikin, shafi na uku."

"Ban ga takardar shiri ba."

"Guda ɗaya na saya, na sa a aljihu."

"Sha huɗu ta gan shi tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya. A nan wurin."

"Na sani. Ina tsaye."

Wani jirgin kaya ya wuce da taragon duwatsu. Babu wanda ya dubi lambarsa a cikinsu.

"Ka yaudare ta."

"Na yaudare ta, na yaudare ka. In aka maimaita, haka zan sake yi. Amma ka ji, Alƙali, kullum sai ka durƙusa ka leƙa ƙarfen gindi kafin ka yarda da fenti. Ni ranar jira nake ka durƙusa asirina ya tonu, har gumi nake yi. Ba ka durƙusa ba."

Gaskiya ne. Fenti na kowa ne. Lambar gaskiya tana bugagge a jikin ƙarfen gindi da aka ɗora injin a kai, kuma Alwyn ne ya koya wa rabin ƙungiyar haka. Ranar bai leƙa ba. Rula yake riƙe da ita, kuma fuskar 'yarsa yake kallo.

A gida ya tarar da Glenys tana feraye dankali. Ya ajiye littafin Hilary a kan tebur, ya faɗa mata komai yadda ya faru, bai rage ba.

"To me kake so ka yi?" ta ce.

"Littafin ba daidai yake ba."

"Sai ka goge?"

"Biro ne. Sai dai a soke."

Ta ajiye wuƙar, ta goge hannu a jikin tawul. "Alwyn, ni ban san sha huɗu ba, ban san ashirin da bakwai ba. Duk ƙara ɗaya suke yi mini. Abin da na sani, ranar da muka dawo ta ci kifi da dankali har ta ce a ƙara mata. Wata biyu rabon da in ga haka."

"Amma na faɗa wa kowa ta kammala."

"Kai ka faɗa. Wannan kuma tsakaninka da bakinka."

Ya yi mako uku yana juya maganar. Idan ya bar layin, akwai ƙarya a littafin yarinyar da ba ta taɓa jan layin ƙarya ba da saninta. Idan ya soke, ya ɗauke mata abu na ƙarshe da ta yi murna da shi, ya kuma rasa abin da yake faɗa wa mutane. A ƙarshe ya ce ba zai yanke hukunci a kan injin da bai gani ba. Ya rubuta wa Bronwen Prydderch, ta ba shi rana.

Da ya shiga jirgin safe sai ga Norris zaune a kujerar da ke kallon tasa, da burodi na mutum biyu.

"Wa ya gayyace ka?"

"Glenys. Ta ce in ka faɗa rami a samu mai ɗaukar hoto."

Sun canja jirgi sau uku. Ba su yi wata hira ba sai ta shayi, wanda Norris ya ce na cikin jirgin ruwan wanke kofi ne.

Filin yana bayan wata tsohuwar ma'aikatar allon dutse, ciyawa ta cinye rabin layin dogon. Bronwen ta fito daga wata rumfa, doguwar mace mai furfura, sanye da rigar aiki da baƙin mai ya rine. Ita da Norris suka janye tamfol daga kan injin. Babu gilashi a tagogin, babu fenti sai tsatsa da gansakuka, rabin rufin a buɗe. Babu lamba ko ɗaya a gefensa.

"Ga shi nan, ba kyau," in ji ta. "Kaji sun yi shekaru suna kwana a ɗakin direba. Kai ne mai son ganin lambar jikin ƙarfen, ko? Riƙe tocila, dattijo, ka kula da gwiwarka."

Alwyn ya shimfiɗa jarida a kan tsakuwa, ya durƙusa. Bronwen ta miƙa hannu ta kankare wani wuri da burushin ƙarfe. A ƙarƙashin tsatsar lambobin suka fito, ƙanana, bugaggu da guduma tun ranar da aka ƙera shi. Ya karanta su ɗaya-ɗaya har na ƙarshen biyu. Biyu, bakwai.

Ya miƙe da kyar, ya zauna a kan wani katakon dogo. Ya fara da nasa littafin, domin shi ma ya ja layi a ranar bikin. Ya goge tsohon layin har takardar ta yi fari, ya hure, ya ɗora rula ya ja sabo, ya rubuta kwanan wata a gefe. Sannan ya fito da na Hilary ya buɗe shafin. Jajayen layuka arba'in da takwas, na farkon masu kauri irin na hannun yara, na ƙarshen ya ɗan karkace a tsakiya inda rular ta zame.

Norris ya juya baya yana ɗaukar hoton ciyawa.

Alwyn ya daɗe yana duban shafin. Abin da ta gani ranar, ta gani, kuma da hannunta ta rubuta. Shi ne ya kamata ya durƙusa bai durƙusa ba, don haka gyaran a nasa littafin ya kamata ya zauna. Ya rufe nata ya mayar aljihu. A nasa, ƙarƙashin kwanan watan, ya ƙara da ƙananan haruffa: Hilary ba ta ga wannan ba.

"'Yarka ce mai jan biron?" Bronwen ta tambaya. "Ta ga nawa?"



"Arba'in da bakwai," ya ce. "Wannan ne ya rage mata."

Shi ne karo na farko da ya faɗi haka, kuma muryarsa ba ta karye ba. Bronwen ta gyaɗa kai.

"Shekara nawa kafin ya tashi?" ya ce.

"Goma, in mun samu hannu. Sha biyar in mu bakwai ɗin nan ne."

"Shekarata saba'in da ɗaya."

"To ai kai yaro ne a nan. Mai yi mana walda tamanin gare shi."

Alwyn ya dubi gefen injin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kamar yadda yake duban taswira kafin ya fara zane. Ya cire kwat ɗinsa, ya ninke ta yadda littattafan ba za su faɗo ba, ya ɗora a kan katakon.

"Akwai wani burushin?"

"Akwai biyu," in ji Bronwen, tana kallon Norris.

"Ni hoto na zo ɗauka," in ji Norris.

"Ajiye kyamarar nan, mai hayaƙi," in ji Alwyn. "Ka fara daga can, ni daga nan. Jirginmu sai huɗu da minti goma."