Akwatin da Yaya Ya Haɗa wa Dogo

Yayana mai gyaran rediyo ne, kuma tun muna yara ba ya barin kowa ya kai ƙarshen zance. Matarsa takan ce hatta rediyoyin shagonsa haƙuri suke yi da shi. A bayan shagon yana da ɗan ɗaki da na'urar magana ta iska, irin wadda masu sha'awar abin ke kiran juna da ita daga nesa.

A nan yake hira da Dogo kowace safiya. Dogo tsohon mai gadin madatsar ruwa ne, yana zaune bayan duwatsu inda waya ba ta kamawa. Sunan abin dai hira, amma Yaya ke zuba, Dogo na cewa "to".

Wata rana Dogo ya gaya masa za a yi masa aiki a maƙogwaro, kuma likita ya ce muryar ba za ta dawo ba.

Yaya bai zauna ba. Ya zazzage kwalin tsofaffin modem da ya tsinto bayan ofisoshi sun zubar, akwatunan nan da a da ke haɗa kwamfuta da layin tarho suna ƙara kamar ƙyauren da ya rasa mai. Ya ce tunda suna mayar da rubutu ƙara, rediyo zai iya ɗaukar ƙarar. Ya haɗa guda biyu, ya ba wani direba ɗaya da tsohuwar kwamfuta ya kai wa Dogo.

Da Dogo ya koma gida daga asibiti, sai siririn fito ya fara shigowa da safe, amma allon kwamfutar Yaya fayau. Haka washegari. Kullum fiton ƙara tsawo yake.

"Magana yake yi mini," in ji Yaya. "In ciwon ne ya tashi fa? In taimako yake nema?"

Abincin da na kai masa ya huce a kan tebur. Ya kwance wayoyi ya sake liƙewa, har dalma ta ƙone masa yatsa. Ni ma tsoro ya kama ni.

Da na gaji na ce, "Wai Yaya, me ya bambanta naka da nasa?"

"Babu. Iri ɗaya sak na yi su, duka na sa su a kan kira..."

Ya yi shiru, abin da ban saba gani ba. Ashe irin waɗannan modem sai ɗaya ya zama mai kira, ɗaya mai amsa. In duka masu kira ne, babu mai jin wani.

Ya mayar da maɓallin nasa kan amsa. Haruffa suka soma fitowa ɗaya bayan ɗaya:

"Ina nan da raina. Akwai labarin da na daɗe ina son ba ka. Ka bari in gama."

Yaya ya miƙa hannu zai buga amsa, sai ya janye shi ya ɗora a kan cinya.