Akushin Malam Barau

Idan ka tambayi matan Tungar Hayatu, ƙauyen da ruwan dam ɗin Bakolori ya shanye, wace ce Nagode, za su ce maka ita ce wadda ba ta riƙon kwanon mutane. A ƙauyen nan in maƙwabciya ta aiko miki da abinci, kafin rana ta faɗi kin wanke kwanon kin mayar, kuma ba a mayar da shi wayam. Nagode tun tana amarya ta yi suna a kan wannan, har iyaye mata suna yi wa 'ya'yansu gori da ita. Ita ma fa tana ji da abin, kada ka ɗauka ba ta sani ba.

A bakin gulbi aka haife ta, ubanta manomin albasa ne a fadama. Uwarta ta rasu tun ba ta iya ɗaura zane ba, don haka rabin renonta a gidan maƙwabta aka yi shi, wurin Inna Marka matar Malam Barau, waɗanda darni ɗaya ya raba su. Inna Marka ce ta koya mata tuƙin tuwo. Ita ce kuma ta yi mata wankan jego lokacin da ta haifi Jafaru, ɗanta na fari da mijinta Falalu direba.

Shekarar da aka tare gulbi aka ce kowa ya tashi, makon ƙarshe ya zama na ruɗu. Kowa ta ɗaure tukwanenta, wadda ta samu ta ɗora girki sai ta rarraba wa gidaje. Kwanuka suka yi ta ketare darni ba mai lissafi. Ranar da motarsu Nagode za ta zo, da hantsi Inna Marka ta miƙo mata tuwon dawa a cikin baƙin akushin mijinta, domin shi kaɗai ya rage ba a ɗaure ba. Ba su gama ci ba mota ta tsaya tana ta oda. Sauran mutanen ƙauye aka kai su sabon matsuguni wajen Maradun. Falalu kuwa ya samu aikin tuƙi a wurin dam, aka ba shi ɗaki biyu a gidajen ma'aikata a Talata Mafara.

Sai da ta kwance kaya a Mafara ta ga abin da ta kwaso: kwanuka shida da ba nata ba, ga akushi na bakwai. Kowanne ta san mai shi. Na Asabe ɗigon jan fenti uku ne a gindinsa, na Lantana an karce shi da ƙusa. Ta wanke su tas, ta jera a kan dakalin siminti da ke kicin, wanda matan wurin ke kira kanta, da niyyar duk ranar da Falalu ya samu hutu ta bi gidaje ta mayar. Falalu bai samu hutu ba. Damina ta wuce, wata ta zo.

Kantar nan kuwa ta ga ta kanta. Ƙore manya da ƙanana, ludaya, muciya biyu, maburgi, rariya, tukunyar ƙasa da ba a taɓa ɗora ta a kan risho ba, gwangwanayen madara cike da kanwa da kuka da barkono, duk a kanta suke, ga kwanukan mutane sun cinye gefe guda. Ko wurin yanka albasa babu. Nagode ba ta damu ba, tun da dama a ƙasa take tsugunawa ta yi aikinta kamar yadda ta saba.

Kubura ce ta tada mata hankali. Matar wani akawu ce, 'yar Zariya, mai yawan dariya, kuma in za a faɗi gaskiya ba muguwa ba ce. Ta leƙo wata rana ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe haɓa.

"Maman Jafaru, wannan kanta ce ko rumfar 'yan koli ranar Talata?"

Matan da ke tsakar gida suka kwashe da dariya. Nagode ma ta yi, amma ta yaƙe ce. Kubura ta ja hannunta zuwa nata kicin ɗin. Risho, fulas ɗin shayi, kwanukan samira huɗu masu fure iri ɗaya, shi ke nan. Sauran wurin sai ƙyalli yake yi. Nagode ta dawo gida tana jin kamar an rubuta mata "baƙauya" a goshi.

Washegari ta ci ɗamara. Abin da take amfani da shi kullum ta bari a sama, sauran ta tura ƙarƙashi. Gwangwanaye ta zubar da rabi. Ta matsa wa Falalu har ya sayo mata nata kwanukan masu fure. Da ta zo kan kwanukan mutane sai ta tsaya. Duk sun ɓamɓare, wasu sun yi tsatsa a baki, in ta bar su a nan aikin banza ta yi. Ta zuba su a buhu ta rataye a bayan kicin, ta ce wa ranta ai ajiya ce.

Kajinta kuwa kullum sai sun kifar da tasar ruwansu. Wata rana da zafi ya yi zafi ta zaro akushin daga buhu, domin yana da nauyi, kaza ba ta iya ture shi. Ba mantuwa ta yi ba, kada wani ya nema mata wannan uzurin. Ta san akushin wa ne. Cewa ta yi na kwana biyu ne kafin ta samo wani abu. A lokacin mata sun fara shigowa ganin kantarta, Kubura na cewa ɗaliba ta fi malamarta, daɗin wannan ya cika mata kunne.

Ana nan labari ya zo cewa Malam Barau ya rasu. Nagode na da tsohon ciki, sai Falalu ya shirya zuwa ta'aziyya. Ta zagaya baya da sauri don ta wanke akushin ta ba shi ya kai. Ta tarar rana da ruwa sun tsaga shi tun daga baki har gindi. Ta bar shi a nan gaban kaji. Ta koma ɗaki, Falalu ya tafi hannu sake.

Bayan an gama takaba, wata Talata, motar kasuwa ta sauke Inna Marka. Ta rame, ta ƙara duhu. Nagode ta durƙusa har ƙasa, suka yi ta gaisuwa, ta gajiya, ta haƙuri, ta jariri, ta mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwa ta leƙa kicin ta yi ta sa albarka.

"Kai ɗiyata, wuri tsab awa asibiti. Allah shi ƙara rufa asiri."

Sai da ta sha fura ta huta sannan ta sassauta murya.

"Nagode, akushin Malam na wurinki ko? Ba don komi ni ka tambaya ba. Kayanai dut an raba ma magada, ni ko ban ce ina son komi ba. Shi ɗai ni ka so. Shekara talatin da wani abu ina zuba mai tuwo ciki."

Nagode ba ta tsaya tunani ba. Bakinta ya riga ta.

"Yana nan, Inna. Na adana shi."

Ta shiga ɗaki tana jan akwati, tana buɗewa tana rufewa, tana neman yadda za ta sulale baya ko da wanke shi ta yi. Tana cikin haka aka kira azahar. Ta ji ƙarar buta, ta ji takun tsohuwa ya nufi bayan kicin. Ta fito ta bi bayanta.

Ta tarar da ita a tsugune, kaji sun watse. Inna Marka na kankare laka da kashin kaji daga cikin akushin da farcenta, tana tsiyaya ruwan alwalarta a hankali. Buhun kwanukan na rataye a saman kanta, bakinsa a buɗe. Nagode ta so ƙasa ta tsage ta shige. Tun da take ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

"Inna..."

"Bari, ɗiyata. Itace na, ba ya son rana."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta yi faɗa, da ta zage ta, da Nagode ta samu sauƙi.

Da la'asar tsohuwa ta ce za ta bi mota. Nagode ta cika mafi girman kwanukanta masu fure da ɗanyar shinkafa, ta ɗora albasa, ta durƙusa ta miƙa. Inna Marka ta shimfiɗa gefen mayafinta, ta juye shinkafar, ta ƙulle, ta miƙo mata kwanon.

"Amshi abinki. Gari da nisa, ban san randa ni ka dawowa ba."

Akushin kuwa ta ƙi yarda a sa mata shi a jaka. Rungume shi ta yi a ƙirji. Suna fitowa suka ci karo da Kubura da wasu mata uku a bakin famfo. Kubura ta gaishe da baƙuwa da ladabi, sai idonta ya sauka a kan abin da ke hannunta.

"Inna, ba kwanon kajin Maman Jafaru ba ne wannan? Haba, ai da sabo ta ba ki."

Matan suka juyo suna kallon Nagode. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya ko ta huta, amma tsohuwa ta kama hannunta ta matse.

"Na mijina na, Allah shi jiƙan shi. Da ɗiyata ba ta ɗauko shi ba, da yanzu yana ƙarƙashin ruwa tare da gidanmu. Ita ta tsirar mani da shi."

Matan suka ce Allah ya jiƙansa, suka ce wa Nagode ta kyauta. Har suka kai tasha Nagode ba ta iya ɗaga kai ba, Inna Marka kuma ba ta saki hannunta ba.