Da Suwaita Cikin Bazara, Daga Kebbe Zuwa Zariya

Litinin: Kebbe zuwa Tambuwal

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba Malam, maigidana, ya tashe ni. In faɗi gaskiya, tun ƙarfe huɗu ya fara, da rabin ne na buɗe ido. Muka yi salla, na sa suwaitar ulu a ƙarƙashin riga, na yafa gyale mai kauri, alhali tsakiyar bazara ce, duk Kebbe tsakar gida ake kwana ana fifita.

Bari in faɗa muku dalilin tafiyar. Shekara uku ke nan da aka ce ina da ciwon maƙoƙo, irin wanda 'yar tsokar nan ta gaban wuya ke yin sanyin aiki. Aka ɗora ni kan ƙwaya guda kullum, kumburin ya sace. Duk wata shida in je asibiti Sakkwato a ɗebi jini, takarda ta dawo ta ce lafiyata ƙalau. Ni kuwa sanyi bai bar ni ba, barci kamar an yi mini asiri, in ɗora tukunya in manta da ita, asuba ta wuce ni fiye da yadda zan iya rubutawa a nan. To, in takarda ta ce babu ciwo, me ya rage sai ragwanci? Ba wanda ya faɗa mini a fuska sai mutum ɗaya, amma ni kaina na fara yarda, kuma ragwancin da ya kai ga salla ba abin wasa ba ne.

Da muka ji labarin wani likita a Zariya da ya ƙware kan irin ciwon, Malam ya ce in je sau ɗaya, abin da ya faɗa shi ke nan, a bar maganar. Mutum ɗayan nan da na ce, wato Yaya Hajo, yayar Malam, ita ta ce za ta raka ni.

"Sai na ji da kunnena," in ji ta. "Ni ɗiya takwas na haifa, ban taɓa sanin inda wuyana yake ba. Ku 'yan boko, ko hamma kunka yi sai an raɗa mata suna."

Shida saura kwata muka shiga akori-kurar wani direba mutumin Fakku. Saboda girman Yaya ya ba mu gaba. Zafin injin yana tasowa ta ƙarƙashin ƙafa, Yaya tana tsaki tana ɗage zani, ni kuwa rabona da jin daɗin zama irin wannan na manta. Hanyar kun san ta, ba sai na ɓata muku rai ba. Sau biyu maza suka sauka suka tura. Takwas da kwata muka iso Tambuwal, muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha, na kwabo talatin.

Tambuwal zuwa Sakkwato

Tara daidai muka sami sabuwar Fijo, irin waɗanda suka cika hanya yanzu, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Mil sittin ne ko kusa da haka. Kafin Dogon Daji na riga na buɗe littafina. Wani ɗan littafin rubutu ne da na jera abubuwan da ke damuna a ciki, guda goma sha ɗaya, da lamba, kamar amsar jarrabawa. Na karanta wa wata mai sayar da goro da ke kusa da ni, tun daga na ɗaya har na ƙarshe. Baiwar Allah ta yi ta "wayyo, sannu." Na ji daɗi ƙwarai. Yaya ta juya fuskarta wajen taga.

Kusa da Boɗinga 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo, gumi na zuba daga hularsa, ya dubi hannun suwaitata da ya leƙo.

"Hajiya, daga Jos kike?"

"Daga Kebbe take," in ji Yaya. "Sanyin nata na kanta ne, da abinta take yawo."

Duk motar aka yi dariya, har da ni, don ban ga mafita ba.

Sha ɗaya da rabi muka sauka gidan Asabe, ɗiyar Yaya da ke aure a birni. Bayan la'asar Yaya ta ce in kwance kaina ta yi mini kitso, kada in kunyata su gaban likita. Ta fara tsefewa tana ba ni labarin yadda take daka kwano fuɗu da tsohon ciki. Can sai labarin ya tsaya. Na ji matsefi yana tafiya a hankali, ba irin na ɗazu ba. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ta ce, "Miƙe wuyanki, ke dai." Na ga ta dunƙule gashin da ya zube ta ƙulle a bakin zani, don ba a yar da gashi gidan mutane.

Talata: Sakkwato zuwa Zariya

Ɗaki ɗaya muka kwana. Da asuba, in ji Asabe, Yaya ta kira ni, ta girgiza ni, ta ja babban yatsana, ta sake shi da sauri ta ce, "Wagga ƙafa ko randa?" Daga ƙarshe ruwan buta ne ya yi aikin. Na tashi da fuska kamar an hura, na yi salla a gurguje ina jiran faɗa. Faɗa bai zo ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Shida da minti ashirin muka bar tasha, naira bakwai kujera. Muka wuce Talatar Mafara ina barci, don haka ba ni da labarinta. Goma saura muka tsaya Gusau, mil ɗari da talatin daga Sakkwato in ji direba. Na sayi fura da nono wajen wata Bafillatana, na dama da kauri, na jefa ƙwayata na kora da ita, kamar yadda nake yi kullum, ko da fura ko da kunun kanwa. Tun muna yara aka gaya mana magani ba ya shiga cikin da babu komai.

Daga Tsafe zuwa Funtuwa na karanta littafina wa wani tsoho mai zuwa ganin jikansa, ya saurara har lamba ta bakwai ya yi gyangyaɗi. Muka yi azahar a Funtuwa. Uku da rabi muna Zariya, gidan Larai, ƙawata tun sakandare. Ita ma ta sha karatu, sau biyu, kafin tuwo da bayan tuwo.

Laraba: Asibiti

A nan ne na yi abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari.

Na yi wanka, na zizara kwalli, na shafa hoda, na ɗaura atamfar sallata. Suwaita kuwa na cire na cusa a jaka, wai kada a ce baƙauya. Bakwai muna kan layi, ina rawar ɗari cikin mutunci. Sha ɗaya da minti ashirin aka kira sunana, Yaya ta bi ni ciki ba tare da an gayyace ta ba.

Likitan Bahaushe ne mai 'yar furfura. Na lura idonsa ya yi ja, ga shayinsa a gefe ya huce bai sha ba, ga mutane cike da baranda suna jiransa. Ya karɓi katina na Sakkwato ya duba takardun jini ɗaya bayan ɗaya.

"Malama Hadiza, yaya jikin?"

Littafin yana hannuna. Na riƙe shi gam. Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi."

"Barci fa?"

"Lafiya lau."

"Abinci, aikin gida?"

"Mun gode Allah."

Ku yi mini adalci kaɗan. A gidanmu an tarbiyyantar da mu cewa in babba ya tambaye ka jiki ba ka zazzage masa buhu. Ka gode wa Allah, ka bar shi da nasa nauyin. Mai goro da tsohon mota ai hira ce. Wannan kuwa mutum ne mai daraja, ga shi a gajiye, sai na ji kamar in na fara lissafi zan zama mai ƙorafi ga Ubangiji a gaban baƙo.

"To, madalla," in ji likita. "Takardunki sun yi kyau. Ki ci gaba da maganinki." Ya fara rufe katin.

"La ilaha illallahu!" Yaya ce. "Dije! Mi nika ji haka? Kwana biyu muna bisa hanya, kin karanta ma mai goro, kin karanta ma ɗan tsoho har ya yi kwana, a nan ne za ki samu sauƙi? Likita, kada ka rufe. Ƙarya take yi, ƙaryar ladabi."

Ta kwance bakin zani ta ajiye dunƙulen gashin a kan teburinsa, kusa da shayin.

"Wanga na tsifa guda ne. Ƙafarta sanyi kamar randa. Da ruwan buta nika tada ta salla. Buɗe jakar ka ga suwaita. Ni nan da kake gani, shekara uku ina cewa ragguwa ce, don haka ba son kai zan yi mata ba."

Da ƙasa ta tsage da na shige. Likita ya dubi gashin, ya dube ni, ya sake buɗe katin ya juyo mini shi. Zuwa shida na yi asibitin Sakkwato, kuma a kowane an rubuta layi ɗaya: ta ce ta samu sauƙi. Likitan can baƙo ne daga ƙasar waje. Ya tambaya, na amsa, ya rubuta abin da ya ji. Ga takarda mai kyau, ga mai jiki ta ce sauƙi, me zai yi?

"Malama," ya ce, yana danne dariya, "gaisuwa a baranda ake barinta. Nan ciki tambaya nake yi. Allah ya san kin gode. Ni ban san komai ba sai kin faɗa. Mene ne wannan a hannunki?"

Na karanta goma sha ɗayan nan. Bai yi gyangyaɗi ba. Ya taɓa wuyana, ya ƙirga bugun jinina, ya ja fatar idona ya duba, ya buga mini wata 'yar guduma a agara. Ya tambayi yadda nake shan ƙwayar. Na faɗa da alfahari, don a nan na tabbata ban yi kuskure ba.

Ashe na yi. Ya ce nono da kanwa suna iya tare wa maganin hanya. Da ruwa zalla ake sha, da sassafe, a jinkirta karin kumallo. Ya ce takardun ba ƙarya suka yi ba, awon yana cikin iyaka, amma a bakin iyakar yake. Ya tura ni aka ɗebi wani jinin, da la'asar muka koma aka ce ina da ƙarancin jini kuma. Ya ɗan ƙara ƙarfin ƙwayar, ya ba ni maganin ƙarin jini da zan riƙa sha da yamma, nesa da ita, ya rubuta wasiƙa zuwa ga likitan Sakkwato a sake awo bayan mako shida.

"Ba zan yi miki alkawarin duka za su tafi ba," in ji shi. "Wani na maƙoƙo ne, wani na jini, wani sai mun bi a hankali."

Na tattara ƙarfin hali na yi tambayar da ta kawo ni, wadda ba ta cikin littafin. "Likita, to asubar da ke wuce ni... ba ragwanci ba ne?"

"Raggo ba ya tahowa daga Kebbe don a tashe shi salla. Ciwo ne."

Na yi kuka har kwallin ya gangaro kan hodar. Yaya ta ɗauke gashinta ta mayar bakin zani, ta ce, "Tashi mu tafi, kin ɓata ma mutane tebur."

Alhamis da Juma'a: Komowa

Shida da rabi muka bar Zariya. Na sha ƙwayata da ruwa, cikina yana ƙugi har Funtuwa. Da muka hau babbar hanya iska ta fara shigowa, Yaya ta daki kujerar direba.

"A ɗage gilashin nan. Marar lafiya gare ni."

"Haba Inna, cikin wannan zafi?"

"Likita ya faɗi." Bai faɗi ba. Na yi ta roƙo a bar wa bayin Allah iskarsu, ta ce in rufe bakina tunda ban san amfaninsa ba. Haka mutum takwas suka dahu har Gusau saboda ni. In wani cikinsu ya ga wannan rubutu, don Allah ya yafe.

Muka kwana Sakkwato, Juma'a muka kamo hanya, muka yi jiran mota awa uku a Tambuwal. Biyar da minti goma na yamma muka sauka Kebbe. Malam yana zaure ya sallami masu ɗaukar karatu. Ya yi mana sannu da hanya, ya dubi yayarsa, bai dube ni ba.

"Yaya, mi anka ce?"

"Ciwo ne, Bello. Na ji da kunnena. Ragwanci babu. Wauta dai akwai, amma ita ba a ba mu maganinta ba."

Sannan Malam ya juyo gare ni ya ce, "Ban taɓa faɗi ba, amma na zata a raina. Ki yafe mini." Na ce ai ni ma na zata, wa zai yafe wa wa? Yaya ta ce ita ba ta iya irin wannan zance ba, amma a aika mata da geron gidan gobe, za ta sa a daka.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Asabe da Larai da suka sauke mu, da likitan da ya sake buɗe kati bayan ya rufe, da Yaya Hajo da ta tona mini asiri a inda ya kamata. Shekara uku na yi ina istigfari kan laifin da ashe ban yi ba. Allah ya ajiye mini istigfarin, na san ba za a rasa inda za a sa shi ba.